Tallan baki da baki a intanet: wuraren da aka fi yin tuntuɓe

Duk mai sana'a ya san cewa kwastoman da abokinsa ya turo ya fi wanda talla ta jawo sauƙin sha'ani. Ba ya yawan tambaya, ba ya zuwa da zargi, domin wani ya riga ya tsaya maka a wurinsa. Shi ya sa kowa ke son a riƙa yaɗa kayansa a waya. Inda ake samun matsala shi ne mantawa da cewa wanda ya tura saƙonka ba aikinka yake yi ba. Sunansa ya ɗora a kai. In abin ya yi kyau a gode masa, in ya zama shirme shi za a yi wa dariya a guruf, kai kana can ba ka ma sani ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne roƙo. "Don Allah a taimaka a tura wa guruf goma." Ka dubi mai karantawa: babban yatsansa na kan alamar turawa, jerin sunaye ya buɗe, ga yayarsa, ga abokan aiki, ga tsofaffin 'yan ajinsu. A wannan daƙiƙar tambayarsa ɗaya ce, wa zan tura wa wannan ya ji daɗi? In babu fuskar da ta faɗo masa a rai, sai ya koma baya. Gyaran shi ne ka rubuta saƙon da tunanin mutum na biyu, wanda za a tura wa. Me zai sauƙaƙa masa, me zai ba shi mamaki? Jonah Berger da Katherine Milkman sun bi diddigin rubuce-rubucen jaridar New York Times kusan 7,000, suka fitar da sakamako a 2012: abin da ke motsa mutum, kamar al'ajabi ko fushi ko fargaba, an fi tura shi, haka ma abin da ke da amfani a aikace, amma abin da ke sanyaya jiki kamar baƙin ciki bai cika tafiya ba.

Na biyu, zaman jiran ranar da wani bidiyo zai fashe. Mutane kan tuna da ƙalubalen zuba ruwan ƙanƙara a kai na 2014, wanda ya tara wa ƙungiyar yaƙi da cutar jijiyoyi ta ALS a Amurka dala miliyan 115, su ɗauka haka intanet take aiki. Ba haka take ba. Sharad Goel da Duncan Watts da Daniel Goldstein sun duba yadda abubuwa ke yaɗuwa a Twitter da wasu dandamali a 2012, suka ga mafi yawansu ko dai ba wanda ya ɗauka, ko su tsaya a hannu na farko. Lissafin ma a bayyane yake. A ce mutum 100 sun gani, kowane goma suna kawo sabbin mutum biyar. Za ka samu 50, sai 25, sai 12, har abin ya mutu, jimillar waɗanda suka gani kusan 200. Ba asara ba ce, ka ninka abin da ka fara da shi, amma sai ka ci gaba da zuba sabbin mutane daga farko. Dabarar da ta fi ɗorewa ita ce amfani da kayan ya zama shi ne tallar. Hotmail, da aka buɗe a 1996, ya riƙa liƙa layi guda a ƙasan kowane imel yana gayyatar mai karɓa ya buɗe nasa kyauta. Cikin kimanin shekara ɗaya da rabi ya kai mutum miliyan 12, ba tare da ya roƙi kowa ya tura komai ba.

Akwai kuma rububin masu miliyoyin mabiya. Ba na cewa ba su da amfani, suna sa a ji sunanka. Amma ji daban, fitar da kuɗi daga aljihu daban. Gwajin da Damon Centola ya yi a 2010 ya nuna cewa sabuwar ɗabi'a ta fi saurin kama mutane a cikin rukunin da suka san juna, inda mutum zai ji abu daga bakin mutum biyu ko uku na kusa da shi. Labari kan wuce da ji ɗaya, amma abin da zai ci maka kuɗi ko lokaci sai an nanata. Don haka gara ka mamaye ƙaramin rukuni, masu sana'a iri ɗaya ko ɗaliban fanni ɗaya, har kowa ya riƙa cin karo da sunanka ta ko'ina, da ka watsa kuɗinka ga taron da bai san juna ba. In kuma kayan ba su kai ba, to shahararru sai dai su gaggauta tonon asiri. Bikin kiɗa da waƙa na Fyre na 2017 a Bahamas, fitattun masu tallan kayan ƙawa ne suka tallata shi a Instagram. Waɗanda suka biya kuɗi suka isa suka tarar da tantuna irin na agajin gaggawa, kuma wayoyinsu ne suka yaɗa abin kunyar. Wanda ya shirya bikin, Billy McFarland, an yanke masa ɗaurin shekara shida.

Batun tukwici yana da ɗan sarƙaƙiya. In mai kawo kwastoma ne kaɗai ke samun wani abu, sai ya ji kamar yana sayar da abokinsa, shi ma abokin in ya gane sai ya ƙullace shi. Dropbox, manhajar ajiye fayiloli a intanet, ya raba ladan biyu: mai gayyata da wanda aka gayyata kowa ya samu ƙarin wurin ajiya kyauta, sai gayyatar ta koma kyauta tsakanin abokai. Lura kuma da cewa ladan daga cikin kayan ne, wanda ba ya buƙatar manhajar ba zai wahalar da kansa ba. Ladan kuɗi tsaba kan jawo masu buɗe asusu goma da sunaye goma.

Ƙirƙirar yabo na bogi kuwa, ramin ƙarya ƙurarre ne. A 2006 aka gano cewa wani shafi da ke nuna kamar samari ne masu ƙaunar na'urar wasa ta PSP, kamfanin talla ne ya buɗe shi don Sony, dole Sony ya fito ya amsa. A Amurka, tun Oktoban 2024 hukumar FTC mai kula da kasuwanci da kare masu saye ta haramta saye da sayar da sharhin bogi. Ko ba doka, sharhi ashirin masu kalmomi iri ɗaya da suka sauka rana ɗaya, mai karatu na gane su. In ka biya wani ya yabi kayanka, ya faɗa cewa talla ce.

Sai auna nasara da yawan laik. Mafi yawan tallan baki na faruwa ne inda ba ka gani, a saƙon sirri da kiran waya da hira. WhatsApp ma ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda tun 2019, kuma a 2020 ya mayar da saƙon da aka yi ta turawa zuwa wuri ɗaya tak. Ma'ana, sau da yawa mutum da bakinsa zai ba da labarinka. Gwada wannan: ka sa wani kwastoma ya bayyana abin da kake yi a jimla ɗaya. In ya yi ta kame-kame, bayaninka ne ke buƙatar gyara. Sannan duk sabon da ya zo, ka tambaye shi wa ya gaya masa, ka rubuta. Bayan 'yan watanni za ka ga wasu sunaye ƙalilan suna ta maimaituwa, galibi ba masu yawan mabiya ba. Su ne za ka fara sanar wa in sabon kaya ya iso, kuma in ɗayansu ya kawo ƙorafi, kada ya kwana ba a amsa masa ba.