Yadda na kafe kan jadawali a Excel

Jadawalin buhunan albasar da ke shigowa Sakkwato daga Wurno da Goronyo ya yi tsawo. Da an gangara layi na 60 sai kan jadawalin ya ɓace, a rasa wanne ne kuɗin mota, wanne ne na dako.

Kuskurena na farko: don in kafe layin sama da ginshiƙin farko tare, na danna Freeze Top Row, sannan Freeze First Column. Na biyun yana soke na farkon, ba sa haɗuwa.

Gyaran shi ne a fara cire kafewar baya da Unfreeze Panes, a koma can sama, a danna akwatin B2 (mahaɗar ginshiƙin B da layi na 2), a shiga View, sai Freeze Panes, a zaɓi na farko a jerin. Excel na kafe duk abin da ke sama da akwatin da kuma hagunsa, wato layi na 1 da ginshiƙin A mai sunayen dillalai. In kan ya ci layi uku, B4 za a danna. Siririn zane zai fito a wurin.

In umarnin ya dusashe, galibi ana tsakiyar rubutu ne a cikin akwati; a danna Esc. Wannan kafewa ba ta bin takarda wurin bugawa, sai an saita Print Titles a Page Layout.