Ga mai zuwa Legon karatun adana takardun tarihi

Ɗan'uwa, idan ka samu gurbin digiri na biyu a Sashen Nazarin Bayanai na Jami'ar Ghana da ke Legon, fara neman ɗaki a unguwar Madina. Tana kusa da makaranta, Hausa ake ji ko'ina a zangon, da asuba kuma ga koko da ƙosai. Unguwannin Nima da Mamobi ma namu ne, sai dai cunkoson motoci zai riƙa cinye maka darasin safe. Yarjejeniyar ECOWAS kwana 90 ta ba ka, don haka nemi izinin zama tun da wuri.

A aji za a koya maka tantance takardar da ta cancanci ajiya, da ƙa'idar nan ta kada a cakuɗa takardun wata ma'aikata da na wata, kada kuma a taɓa jerin da aka same su a kai. Ba ka gane nauyinta sai ranar da aka ɗora maka kwali a gaba. Shi ya sa nake roƙonka ka nemi horon aiki a PRAAD, hukumar da ta maye gurbin tsohon gidan adana takardu na ƙasar Ghana. Can za ka ga fayilolin Turawan mulki, irin su masu lambar ADM 56 na arewacin Ghana. Tafi da fensir, ka ajiye biro. Iskar Accra ta bakin teku ce: za ka buɗe fayil ka tarar ƙarfen da ya riƙe shi ya yi tsatsa ya ci gefen takarda, ga warin fumfuna. Wanda ya saba da bushewar Kano dole ya sake koyon tsoron laima.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda 'yan'uwanmu ke ɓoye karatun allonsu kamar abin kunya. Cibiyar Nazarin Afirka a Legon tana da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da aka tattara a shekarun 1960, ciki har da na Alhaji Umaru Karaci, haifaffen Kano da ya rasu a Kete Krachi a 1934. Kai da ke karanta ajami ba gargada, gaya wa malamin da ke duba aikinka tun makon farko, kafin ku tsayar da taken bincike.