Kurakuran da Aka Fi Yi a Turancin Rabuwar Masoya

Kuskuren da ya fi jawo asara shi ne haɗa "take a break" da "break up". Idan budurwa ta turo maka "let's take a break", hutu take nema, ƙofa ba ta rufe ba tukuna. "Let's break up" kuwa an raba gari ke nan. Sai ka ga saurayi ya karanta na farkon, zuciya ta ɗebe shi, ya goge lambarta, har ya aika ƙaninsa ya karɓo wayar da ya saya mata, alhali yarinya sararawa kawai take so. Kafin ka yanke hukunci, tambaye ta: hutun na kwana nawa ne, kuma an yarda kowa ya kula wani? Su kansu Turawan suna gardama a kan wannan. A kula, "break up with her" ake cewa, ba a yar da "with".

"She dumped me" ba ta halatta sai in da ma kuna tare. Wanda ya je zance ranar farko aka ce masa a'a, "she turned me down" zai ce. Kuma "dump" kalma ce mai kaushi, da ita ake maganar zubar da shara, don haka kada ka faɗa wa mutum ita a fuska.

"Ghosting" ɓatan dabo ne: babu faɗa, babu sallama, kira ba a ɗagawa, saƙon WhatsApp ba amsa. Ƙamus ɗin Collins ya shigar da ita a 2015. Wanda ya fito fili ya ce ya fasa bai yi "ghosting" ba, komai zafin maganarsa. Wanda ya yi alkawarin zuwa, kika ci kwalliya kika shimfiɗa tabarma bai zo ba, "he stood me up" ne.

"Friend zone" ta yi tashe ne daga shirin talabijin na Amurka mai suna Friends a 1994. Ba rabuwa ba ce, tunda soyayyar ba ta ma fara ba. Ita ce dai "ai na ɗauke ka tamkar yayana".

Sai "breakfast". "Dem serve am breakfast" Turancin Najeriya ne, wato masoyi ya rabu da mutum ya karya masa zuciya, waƙar Burna Boy ta 2022 mai suna Last Last ta ƙara yaɗa shi. Ka faɗa wa mutumin Ingila haka, zai ɗauka shayi da burodi aka kawo maka. Shi "she broke up with me" za ka ce masa.