Darasi na Tara: Majina a Ƙirji

Idan hunturu ya sauka a Kaduna, tsaya wurin mai shayi a Kawo da asuba, za ka ji tari ta kowane gefe. Na wani busasshe ne. Wani kuwa ƙirjinsa sai kurkur yake yi kamar tukunya a kan wuta. Na biyun nan shi ne darasinmu.

Iskar da muke shaƙa tana bin maƙogwaro ta shiga huhu ta wasu bututu masu rassa kamar bishiya, suna tafiya suna sirancewa. Ko mutum lafiyarsa ƙalau, bututun nan suna fitar da 'yar majina kullum, ita ke kama ƙura da ƙwayoyin cuta. Akwai kuma wasu 'yan gashi da ido ba ya gani, su ke sharo ta sama, mu haɗiye ba mu sani ba.

Hayaƙin sigari da na icen girki suna raunana gashin nan. Asma da tarin fuka kuma sukan sa majina ta yi yawa, ta yi kauri kamar kokon da ya huce. Sai ta toshe ƙaramin bututu, iska ta rasa hanya, numfashi ya riƙa fito, cuta ta samu wurin zama.

Mai irin wannan tari ya riƙa shan ruwa sosai. Ya zauna ya miƙe bayansa, ya ja numfashi a hankali ta hanci, ya riƙe na daƙiƙa 3, sannan ya buɗe baki ya huro da ƙarfi, "haa", kamar mai hura madubi zai goge. Ya yi sau biyu ko uku kafin ya yi tari. Kakin a tofa shi cikin gwangwani mai murfi, ba a tsakar gida inda yara ke wasa ba.

Inda muke kuskure shi ne gudu kemis neman maganin tsayar da tari. Tarin nan fa shi ne tsintsiyar da ke fitar da majinar.

Tarin da ya kai mako 2, a je asibitin gwamnati a gwada kaki. Gwajin tarin fuka kyauta ne, maganin ma kyauta, ana shansa wata 6. In an ga jini a kaki ko numfashi ya yi wuya, ranar za a tafi.

Aiki: rubuta abu biyu da ke kawo hayaƙi a gidanku.