Kafin ka sa sifana a jikin inji: famit, kwaɗo, sannan gwaji

'Yan uwa masu aikin kanikanci a kamfanoni, ko a Sharaɗa kake ko Bompai ko kamfanin siminti na Ashaka, maganar famit nake so mu yi, takardar izinin nan da ake cikawa kafin a taɓa inji. Da yawanmu muna ganin ɓata lokaci ce, oga na sauri, sai ka ji an ce ai aikin minti biyar ne. Wallahi a irin minti biyar ɗin nan ake rasa yatsu.

Da farko kar ka yarda a sa hannu a famit daga cikin ofis. Ku je gaban injin kai da mai ba da izinin, ku ga lambar injin ta yi daidai da ta takarda, a rubuta aikin, su wa za su yi, ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa. In ka zo canza bel sai ka ga sai an yi walda to dakata, aikin wuta famit ɗinsa daban ne, sai an kwashe mai da tsummoki an kawo abin kashe gobara an tsayar da mutum yana lura da tartsatsi.

Sai kwaɗo, nan ne ran maganar. Danna jan maɓalli ba kashe inji ba ne, wani na iya kunna shi daga ɗakin kwantirol bai ma san kana ciki ba. Mai lantarki ya sauke bireka, wato babban makunnin da ke yanke wa injin wuta, kai ka maƙala kwaɗonka a jikinta da kati mai sunanka, makulli a aljihunka ba a hannun oga ba. Ku huɗu ne? Kwaɗo huɗu. Kuma ba lantarki kaɗai ke kisa ba, akwai iskar kwamfiresa da man haidurolik da tururi da kaya mai nauyi da ke rataye, a rufe bawul a sauke firesha, wato matsin da ke ciki, har allurar ma'auni ta kwanta a sifili, abin da ke sama a tokare shi. Bayan duk wannan kowa ya matsa, a danna maɓallin kunnawa a gani. Bai motsa ba, to bismillah.

Shiga tanki ko boila kuwa sai an auna iskar ciki. Oksijin a waje kashi 20.9 ne cikin ɗari, in ya gaza 19.5 ba a shiga. Mutum ɗaya ya tsaya a baki, kuma in na ciki ya faɗi don Allah kar ya afka ceto, ya kira taimako.

Canjin shif shi ya fi ba ni tsoro. A watan Yulin 1988 a Piper Alpha, dandamalin haƙar mai a Tekun Arewa kusa da Sikotilan, masu aikin rana sun cire bawul ɗin kariya na wani injin famfo ba su gama ba, na dare ba su sani ba suka kunna shi, gas ya fashe, mutum 167 suka rasu. An cika takarda fa, amma ba ta kai ga mai kunnawa ba. In aikinka bai ƙare ba kai mai karɓarka gaban injin ka nuna masa da hannu, ya sa kwaɗonsa kafin ka cire naka.

In an gama a ƙirga kayan aiki, a mayar da murfin kariya, a tabbatar kowa ya fito, kowa ya cire kwaɗonsa da kansa, sannan a mayar da famit a rufe shi.