Yadda ake tono tsohuwar hanyar katako daga tabon fadama

A fadamun arewacin Turai akwai wata baƙar ƙasa da ake kira fit, wadda ganye da gansakuka suka taru suka zama a cikin ruwa tsawon dubban shekaru. Iska ba ta shiga cikinta, shi ya sa itace ba ya ruɓewa. A cikinta aka gano hanyar Sweet a Somerset ta Ingila a 1970, wadda aka sare itatuwanta a 3807 zuwa 3806 kafin haihuwar Annabi Isa, da kuma hanyar Corlea ta Ireland, ta shekarar 148 kafin haihuwarsa.

Kada kyan katakon ya ruɗe ka. A ido lafiyayye ne, amma ruwa ne kawai ke riƙe da siffarsa, farce ma kan shige shi. Da zarar rana da iska sun taɓa shi sai ya tsage ya ƙanƙance, kuma ba ya dawowa ko an sake jiƙa shi.

Saboda haka a tanadi ruwa tun kafin a fara haƙa: mafeshi, leda, da jiƙaƙƙen soso. A buɗe wuri kaɗan, gwargwadon abin da za a iya gamawa. A haƙa ɗan rami a gefe inda ruwa zai taru famfo ya janye shi, amma ba a janye shi ƙarƙaf. Shebur na ƙasar sama ne kawai. Idan an kusa katako sai a koma yatsu da ƙananan cokulan roba ko tsinken itace, domin ƙarfe yana yanka shi, kuma yankan kan rikice da sawun gatarin mutanen da. Wannan sawu kuwa shaida ce babba: gatarin dutse yana barin gajeren sara mai ɗan zurfi a tsakiya, na ƙarfe kuwa saransa ya fi tsawo kuma shimfiɗaɗɗe ne. Ba a taka wurin. Allo ake gittawa a sama, mai aiki ya kwanta a kai.

Ana feshi akai-akai, wanda ba a aiki a kansa a rufe shi da leda. Kowane guntu a ba shi lamba, a ɗauki hoto, a zana shi a ma'aunin 1:10, wato kashi ɗaya cikin goma na girmansa, kafin a motsa shi. A kula da yadda aka haɗa su. A hanyar Sweet, turaku aka kafa a gicciye bisa doguwar sanda, aka ɗora allo a tsakaninsu. In aka cire turke ba a rubuta karkatarsa ba, wannan bayani ya tafi ke nan.

Don gano shekara, ana yanko itacen ok (wata babbar bishiya, oak a Turance) mai zobba akalla 50, wato da'irorin cikin itace da ke ƙaruwa ɗaya kowace shekara. Wanda ke da sauran ɓawo ya fi daraja, don zoben ƙarshe shi ke nuna shekarar da aka sare shi. A yanko dogon ɓangaren fit daga bangon ramin don binciken ƙurar furanni da ɓawon ƙwari.

Wajen ɗagawa, a zura allo a ƙarƙashi, a naɗe da leda, a ajiye cikin ruwa a wuri mai duhu da sanyi, wajen digiri 4. Daga baya ake jiƙa shi cikin sinadarin PEG mai kama da kakin zuma, na watanni ko shekaru gwargwadon kaurinsa, sannan a busar da shi a daskare. Aikin na da tsada. A Corlea mita 18 aka adana aka nuna wa jama'a, a Shapwick Heath ta Somerset kuwa an bar wani sashen hanyar Sweet a binne, ana tura ruwa da famfo don kada ƙasar ta bushe.