Yadda Ake Sa Kare Mai Tsirfa Ya Karɓi Sabon Abinci Idan Tsohon Na Sa Shi Ƙaiƙayi

Karen da ke kwana yana susa, yana lasar tafin ƙafarsa har gashin wurin ya rine ya koma ja, kunnensa na wari, kashinsa na fita ruwa-ruwa sau uku ko huɗu a wuni, mai yiwuwa abincin da yake ci ne bai karɓe shi ba. Amma kafin ka kashe ko sisi a kan sabon abinci, buɗe gashin gindin wutsiyarsa da cikinsa da tsakanin yatsunsa ka duba da kyau. A Kaduna, musamman da damina, ƙuma da kaska da ƙazwa ne kan gaba wajen sa kare susa, sai ƙura da ciyayi, sannan abinci. Bari likitan dabbobi ya fara kawar da waɗannan, ya ba da maganin tsutsar ciki. Idan an yi haka susa ba ta lafa ba, kuma rani da damina duk ɗaya ne a wurinta, a nan ne ake zargin kwano.

Ɗaga leɓensa ma ka ga dasashi. Idan ya yi fari fat, fitsari ya yi duhu kamar ruwan shayi, kare ya kwanta babu kuzari, zazzaɓin kaska ne ake tsoro, kuma asibiti za a nufa ranar. Karyayyen haƙori ma na hana ci. Duk wannan ba tsirfa ba ce.

Abin da jikin kare ke yi wa bore yawanci furotin ne, wato sinadarin gina jiki da ke cikin abinci, kuma binciken likitoci ya nuna naman shanu ne kan gaba, sai madara, sai kaza, sai alkama. Mai kare kan ce, "Likita, ai tun yana kwikwiyo yake cin kan kaza, bai taɓa yi masa komai ba." To daɗewar ce ma matsalar, domin abin da jiki ya jima yana haɗuwa da shi ne yake juya wa baya. Gwajin jini ko na gashi ba abin dogaro ba ne a nan. Hanyar da ake ganewa ita ce a tsare kare a kan nama guda ɗaya da bai taɓa ci ba, da abu mai sitaci guda ɗaya, har mako 8.

Hanya biyu ce ta yin wannan gwajin abinci. Akwai abincin buhu da aka farfasa furotin ɗinsa ƙanana yadda jiki ba zai gane shi ba, irin su Royal Canin Hypoallergenic, Hill's z/d da Purina HA. Yana aiki, sai dai daga waje ake kawo shi, yana da tsada, kuma yakan yanke a kasuwa, don haka kada ka fara sai ka tabbatar da isasshe na mako 8 a hannu. Buhun da aka yi wa hoton rago ko kifi a gaba kuwa, juya bayansa ka karanta kayan haɗin. Sau da yawa za ka tarar da garin kaza a ciki.

Hanya ta biyu ita ce girki a gida, kuma ita ta fi dacewa da yawancin gidajenmu. Naman zomo da dankalin Hausa haɗi ne mai kyau, don karnukan gadi kaɗan ne suka taɓa cin zomo, ban da na mafarauta. Akuya da rago dangin shanu ne, zabo da talotalo dangin kaza, jikin da ya ƙi ɗaya yana iya ƙin ɗan'uwansa. Tarwaɗa za ta yi idan karen bai saba da kan kifi ba, amma a zare ƙaya tas. A dafa da ruwa zalla: babu gishiri, babu magi, babu yaji. Albasa da tafarnuwa kuwa guba ne ga kare, suna fasa ƙwayoyin jininsa. A cire ƙashi duka, don dafaffen ƙashi tsagewa yake yi ya soki hanji. Ma'auni shi ne kashi ɗaya na nama, kashi biyu na dankali. Babban kare mai kilo 20 yana buƙatar kimanin giram 300 na dafaffen nama da giram 600 na dankali a wuni, a raba biyu. A ɗora shi a sikeli duk mako, idan yana ramewa a ƙara. Wannan haɗin ba shi da isasshen sinadarin gina ƙashi, saboda haka ba na kwikwiyo ba ne, ba kuma na karya mai ciki ko mai shayarwa ba. Su sai da tsarin likita.

Yanzu sai babban aikin, wato sa shi ya ci. Kada a juye masa sabon abinci rana ɗaya, cikinsa zai ɓaci, kuma karen da ya yi amai bayan cin wani abu yakan tsani abin nan na dogon lokaci. Don haka ma ba a fara canji ranar da yake tashin zuciya. Kwana biyun farko a sa kashi ɗaya cikin huɗu na sabo, sauran tsoho. Kwana na 3 da na 4 rabi da rabi. Kwana na 5 da na 6 kashi uku cikin huɗu, ranar 7 sabo zalla. Mai tsananin tsirfa a fara masa da cokali ɗaya, a ja abin zuwa kwana 10 ko 14. Idan kashi ya yi ruwa a wani mataki, a koma matakin baya a tsaya kwana biyu. Ƙidayar mako 8 tana farawa ne daga ranar da tsohon abinci ya fita daga kwano gaba ɗaya.

Cakuɗawar na da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Kare gwani ne wajen tsince nama ya bar dankali, ko ya tsince tsoho ya tofar da sabo. A daka naman a turmi mai tsabta ko a yayyanka shi sala-sala, a murƙushe dankalin, a dama su da romon da aka dafa naman har su zama abu ɗaya. Da hanci kare ke fara cin abinci, don haka a ɗumama shi daidai ɗumin jiki, yadda za ka tsoma yatsa ba ka ji zafi ba. Abincin da ya fito daga firij da sanyinsa ba shi da ƙamshi. Idan na buhu ne, a zuba masa ruwan ɗumi a rufe minti 10 ya jiƙa. Abin da ba a yi shi ne a yayyafa romon kaza ko madara ko miyar gida don ya ji daɗi. Cokali ɗaya na wannan ya isa ya rushe gwajin.

A ajiye kwano sau biyu a rana a lokaci guda, a wurin da babu hayaniya, a bar shi minti 15 zuwa 20, sannan a ɗauke ko ya ci ko bai ci ba. Ruwan sha kaɗai ke zama a gabansa. Kada a tsaya a kansa ana lallashi, kada a ɗura masa. Yawancin tsirfar kare a gida ya koye ta: ya shinshina ya kau da kai, uwargida ta ji tausayi ta miƙo masa tsoka, ya gane cewa jira na biya. Lafiyayyen babban kare da ya tsallake ci ɗaya ko biyu babu abin da zai same shi. Idan ya kai kwana biyu bai taɓa komai ba, ko yana amai, a kira likita. Kwikwiyo, ɗan ƙaramin kare, da mai ciwon suga ba a yi musu wannan horon. A watannin Maris da Afrilu zafi kansa na rage ci, sai a ba shi da sanyin asuba da kuma bayan magariba. Zagaye na minti 20 kafin a ajiye kwano na buɗe masa ciki.

Inda gwajin ya fi lalacewa shi ne ta hannun mutanen gida. A tara kowa a faɗa musu: yara masu jefa masa biskit da burodi, Baba mai gadi da ke raba tsirensa da shi tsakar dare, mai aiki da ke juye masa ragowar tuwo, maƙwabcin da ke cilla ƙashi ta katanga. A rufe kwandon shara, a hana shi fita yawon bola, a kau da kwanon kyanwa da dusar kaji. Goro da cakulan da inabi dama haɗari ne gare shi ko babu gwaji. Maganin tsutsa ko na kaska da ake taunawa yakan zo da ɗanɗanon nama, a nemi likita ya canza shi da na ɗigawa a bayan wuya. Kada kuma a fara gab da Babbar Sallah, lokacin da jini da kayan ciki da ƙashi ke ko'ina a unguwa.

Ga batun wuta. Dafaffen abinci ba ya wuce kwana uku a firij mai sanyi, idan kuma wutar unguwarku ba ta tsayawa, a dafa na kwana ɗaya kawai. Wanda ya fara tsami a zubar. Na buhu a bar shi cikin buhunsa, a ɗaure baki, a sa a bokiti mai murfi a inuwa, domin zafi na sa man da ke jikinsa ya yi ɗoyi, kare ya ƙi shi alhali jiya ya ci.

Ka riƙa rubuta yawan susa da yanayin kashi a ɗan littafi, ka ɗauki hoton ƙafa da ciki da kunne duk mako. Gudawa kan lafa cikin mako biyu, fata kuwa sai mako 5 zuwa 8. Idan ya samu sauƙi, a dawo masa da tsohon abincin don tabbatarwa. Idan shi ne sanadi, susa za ta dawo cikin kwanaki kaɗan, ba ta cika wuce kwana 14 ba. Sai a koma kan zomo da dankali har ya lafa, sannan a gwada abu ɗaya-ɗaya, naman shanu mako biyu, kaza mako biyu, ƙwai mako biyu, har a kama mai laifin. Daga nan likita ya tsara masa abincin dindindin mai cikakken sinadari. Idan kuma mako 8 sun cika ba tare da an karya ƙa'ida ba amma susa na nan, a nemi a tura ku asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a binciki fatar.